Ƙofar Kwaya: Ina Masu Guɗa Suka Shiga?

Duk motar da ta fito daga cikin birnin Katsina za ta nufi Batagarawa, Kurfi ko Dutsin-ma, da wuya ba ta ratsa ta Ƙofar Kwaya ba. Mu ɗalibai kuwa hanyarmu ce ta kullum, domin a kan wannan titi na Dutsin-ma manyan makarantun garin suka jeru: Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, Jami'ar Al-Qalam, sai can gaba Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tun da aka buɗe gadar ƙasa a wurin a watan Janairun 2023 cunkoso ya yi sauƙi, amma hayaniya tana nan daram. Ga ham ɗin Keke Napep, ga 'yan kamasho suna rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi, ga janaretan mai cajin waya, ga mai maganin gargajiya ya ɗaura lasifika a kan mota yana lissafa cututtukan da ko likita bai san da su ba. Idan ka tsaya a bakin titin da yamma, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji abin da kake cewa.

Wannan wuri da can ƙofa ce ta gaske, mai ƙyaure, wadda ake rufewa idan dare ya yi. Tana cikin jerin ƙofofin ganuwar Katsina, ita da 'yan'uwanta irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske, amma gidajen mutane sun taru ne a wani sashe, saura duk gonaki da fili. Ku kwatanta irin shirun da ke cikin gari irin wannan: ba mota, ba inji, ba rediyo. A irin wannan gari murya ce waya. Ladan ya hau hasumiyar Gobarau ya kira salla, mai shela ya zaga da saƙon sarki, kakaki da tambari su sanar da fitowar mai gari. Duk waɗannan na maza ne. Mata kuma, da suke cikin gida bayan katanga, suna da tasu hanyar aika saƙo da ba ta buƙatar su leƙo ko zaure. Ita ce guɗa.

Na san akwai ƙannena da za su karanta wannan shafi waɗanda a fim kawai suka taɓa jin guɗa, ko a waya. Ga yadda take. Mace za ta cika ƙirjinta da iska, ta kama hancinta da yatsu biyu, ta saki wata siririyar murya mai tsini, ta riƙa kaɗa ta da harshe da maƙoshi har ta yi rawa kamar zare a iska, ta ja ta iya tsawon numfashinta, sannan ta sauke. A rubuce mukan ce ayyururui, amma rubutu ƙarya yake yi mata. Ba a cewa an faɗi guɗa, ba a cewa an rera ta. Rangaɗa ta ake yi. Kuma babu kalma ko ɗaya a cikinta, amma duk wanda ya ji ya san abin da ake nufi: alheri ya sauka a gidan nan.

Wace irin alheri ce kuma, wannan lokaci da adadi ne ke faɗa. Tsofaffin gidanmu, da ke wani lungu bayan ƙofar, sun ce a zamaninsu idan mace ta sauka lafiya, guɗa uku na nufin namiji aka samu, huɗu kuma mace. Maƙwabciya tana tsakar gidanta tana daka sai ta dakata da taɓarya ta ƙirga. Kafin a aiki yaro ya kai labari, tuni ta yafa mayafi ta taho barka. A biki kuwa kusan kowace gaɓa da guɗarta: idan an shigo da lefe, ranar kamu, ranar sa lalle, lokacin da maza suka dawo daga wurin ɗaurin aure suka ce an ɗaura, lokacin da aka fito da amarya tana kuka, da lokacin da ta sa ƙafar dama a ɗakinta. Akwai ta naɗin sarauta. Akwai wadda ke tashi daga cikin taron mata ranar hawan salla idan Sarki ya doso Ƙofar Soro, ta keta ƙarar bindigogi da algaita ta fito sarai. A fadojin ƙasar Hausa ma aiki ne sukutum, da mai yin sa, zabiya. Haka a kiɗan amada na mata, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da shi har rasuwarta a 2013, guɗa ce gishirin kiɗan ƙwarya.

Abin da ya fi burge ni shi ne guɗa tana da sa hannu. Goggona, yayar mahaifina, wadda ta haura shekara saba'in, ta ce da can ko ido rufe za ta gaya maka wace ce ta yi guɗa a unguwar, domin wata tata gajera ce mai kaifi, wata kuma sai ta ja ta kamar ba za ta ƙare ba, ta karya ta sau biyu kafin ta dire. Kowane dangi da gwanarsu. Biki idan gwanar ba ta iso ba, sai a ce bai fara ba tukuna.

Yau fa? Ku lura a biki na gaba da za ku je. Da zarar an ce a yi guɗa, sai 'yan mata su hau kallon juna suna dariya, a shiga neman wata tsohuwa a cikin taro. Idan ba a samu ba, mai kiɗan DJ yana da ita a cikin kwamfutarsa, maɓalli ɗaya zai danna ta fito ta lasifika. Guɗa guda ɗaya tak, ta wata baiwar Allah da ba wanda ya san ta, ita ake sakawa a bikin Ƙofar Kwaya, ita ake sakawa a na Ƙofar Marusa, watakila ita ce dai a Kano da Gusau. Wannan abu yana ba ni haushi fiye da yadda zan iya bayyanawa. A ce ranar auren mutum, wadda ba ta da jininsa, ba ta ma san an yi shi ba, ita ce za ta yi masa murna.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Haihuwa ta koma asibiti, kuma alhamdu lillahi da hakan, amma ba mai rangaɗa guɗa a ɗakin masu jego ma'aikatan jinya na kallo. Labari ya koma WhatsApp: kafin a yanke cibi hoton jariri ya kai Legas. Biki ya bar tsakar gida ya koma ɗakin taro na haya, inda ƙarar lasifika ba ta barin muryar mutum ta yi tasiri. Wasu gidajen kuma sun bar ta ne saboda fahimtarsu ta addini game da ɗaga muryar mace, wasu suka ce a tsakanin mata babu laifi. Wannan magana ce ta malamai, ba tawa ba. Sai kuma babban dalili, wanda mu 'yan makaranta muka fi kowa sani: kunya. An ɗauki guɗa a matsayin ƙauyanci. Yarinyar da za ta iya tsayawa gaban waya ta kwaikwayi waƙar Indiya daga farko har ƙarshe, ita ce za ta ce wallahi ba za ta iya kama hanci a gaban mutane ba.

Akwai wasu mutane a can tsakiyar Turai da suka taɓa shiga irin wannan hali da tasu muryar, kuma labarinsu ya dace a ji shi. Ƙasar Suwizalan ƙasa ce ta duwatsu, tsaunukan Alps sun cinye fiye da rabinta. Da bazararsu makiyaya kan hau da shanu can saman tsauni inda ciyawa take, su yi watanni. Tsakanin wannan makiyayi da wancan akwai kwazazzabo mai zurfi, ana hangen juna amma tafiyar sa'o'i ce. Sai suka riƙa amfani da wani irin kira da ake ce wa yodel. Mutum zai fara da murya mai kauri daga ƙirji, ya yi wuf ya haye siririyar murya ta sama, ya sake faɗowa, yana yi yana maimaitawa da sauri. Wannan karyewar murya, wadda mawaƙi ke ɓoyewa, ita ce su suke nema. Duwatsu su amsa, sauti ya yi nisa, shanu su gane mai su, maƙwabci ya san lafiya. Asalin yodel ɗin ma, kamar guɗarmu, babu kalmomi a ciki.

Da zamani ya zo, matasa suka gangara birane aikin masana'anta, waya da titi suka isa ƙauyuka, kiran ya rasa aikin yi. Yaran birni suka mayar da shi abin tsofaffi da 'yan ƙauye. Amma mutanen ƙasar ba su tsaya jimami ba. Tun a 1910 suka kafa ƙungiyar masu yodel ta ƙasa baki ɗaya. Duk bayan shekara uku ana babban taro na ƙasa, ƙungiyoyi su zo su yi, alƙalai su ba da maki. A 2018 wata jami'a a birnin Luzern ta fara koyar da yodel a matsayin darasin digiri, ƙarƙashin wata gwanar fannin mai suna Nadja Räss. A watan Disambar 2025 kuma hukumar UNESCO ta sa yodel cikin jerin al'adun duniya da ake gado, jerin da bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024.

Sai dai akwai wani ƙauye a can mai suna Muotathal, a cikin wani kwari, wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai. Mutanen wurin suna da nasu salon da suke kira yuz, mai kaushi, wanda bai bin ma'aunin kiɗan da ake koyarwa a makaranta. Wani masani mai suna Hugo Zemp, wanda ya taɓa nazarin kiɗe-kiɗen Afirka ta Yamma, ya je ƙauyen a shekarun 1980 ya ɗauki fina-finai. A ciki ya nuna bambancin da ke tsakanin kiran manomi a bakin garkensa da wanda 'yan ƙungiya ke yi a kan dandamali sanye da kayan gargajiya, an goge shi, an daidaita shi don ya yi wa alƙalai daɗi. Wato ko a wurin da aka yi nasarar ceto abu, ana iya ceto rigarsa a bar gangar jikin. Abin da ya taimaki Muotathal shi ne akwai gidajen da ba su daina yi ba, yaro ya ji a bakin ubansa, ga kuma faifan da aka ɗauka na tsofaffi da matasa za su koma su saurara.

Na kawo wannan ne domin guɗa ma ta fara dawowa a garinmu, amma ta wace ƙofa? Ta ƙofar kwalliya. Yanzu da wuya a yi bikin 'yan boko ba a ware ranar ƙauyawa ba: a sha atamfa ɗaurin ƙirji ko saƙi, a ɗiga kwalli a fuska, a jera ƙwarya da faifai da ludayi, a dama fura, a kira masu kiɗan ƙwarya. A makarantunku ma akwai ranar al'adu, inda ake auren wasa a filin taro. A irin waɗannan wurare ana neman guɗa ido rufe, kuma 'yan matan da suka iya ta sun fara samun shiga. Na ga faya-fayan bidiyo a TikTok inda yara ke gasar wa ta fi jan numfashi. Ban raina wannan ba ko kaɗan, domin ya fi shiru. Amma ku dubi sunan da muka ba ranar: ƙauyawa. Wato mun yarda mu yi guɗa ne kawai idan mun sa kayan wasa, muna nuna cewa ba mu ba ne, wasu muke kwaikwayo. Washegari a wurin dina sai a koma wa maɓallin DJ. Kakanninmu da suka yi guɗa a cikin ganuwar Katsina ba 'yan ƙauye ba ne, 'yan birni ne tun kafin a san za a yi Abuja.

Su kuma mutanen ƙauyen na gaskiya, waɗanda muke ara sunansu, halin da suke ciki daban ne. Titin nan da ya fita daga Ƙofar Kwaya yana kaiwa ga yankunan da matsalar 'yan bindiga ta addaba shekara da shekaru. Wata ƙawata a jami'a, 'yar wani ƙauye da ke yamma da Dutsin-ma, ta gaya mini cewa a garinsu an daina kai amarya da dare. Da rana tsaka ake yi, a gaggauce, kuma iyaye mata kan hana a yi guɗa, don kada a sanar da wanda bai kamata ya sani ba cewa akwai taro da kaya a gidan. Na daɗe ina juya wannan magana. Amfanin guɗa shi ne ta yi nisa, yau kuma nisan nata ne ya zama abin tsoro. Haka makiyayan da ke kiran shanunsu da suna, saniya ta ɗago kai daga cikin garke ta taho, wanda shi ne ya fi kama da yodel a ƙasarmu, da yawa sun rabu da dabbobin ko sun bar dajin. A birni kunya ta hana mu, a ƙauye tsoro ya hana su. Mu da ke cikin gari muna da damar da su ba su da ita a yanzu.

To me za a yi? Ni dai ba na jiran UNESCO, ba na kuma jiran a buɗe sashen guɗa a jami'a, ko da yake sassan Hausa na manyan makarantun da ke kan titin nan za su iya tura ɗalibai su ɗauki muryoyin tsofaffin unguwanni tun suna raye. Abin da Suwizalan ta gane shi ne wannan abu gwaninta ce, ana koyon ta kamar yadda ake koyon ɗinki ko tuƙin tuwo, ba a haifar kowa da ita. Kuma malamanta suna nan a gidajenmu, suna zaune a kan tabarma suna jan carbi, ba wanda ya taɓa tambayar su. Kowace ɗaya daga cikinku tana da kaka ko goggo ko inna. Wayar da ake ɗaukar hoton abinci da ita tana ɗaukar murya. Ku tambaye ta sau nawa ake yi wa namiji a garinsu, wace ce gwanar danginku, a bakin wa ta koya. Ku rubuta sunan garin da shekarar da kuka ɗauka. Ku maza kuma kada ku ce ba ruwanku: ku ne masu riƙe waya, kuma ranar aurenku ku za a yi wa. Malaman Hausa da ke shirya ranar al'adu, da za su gayyato tsohuwa ɗaya daga unguwa ta koya wa yara na mako biyu kafin ranar, da abin ya fi auren wasa armashi.

A hutun da ya wuce mun gwada a gidanmu. Muka taru mu biyar, ni da ƙannena da 'ya'yan baffana, muka sami Goggo bayan la'asar. Da farko ta ɗauka tsokana ce.

"Ku da kuka yi boko, mi za ku yi da guɗa?" in ji ta.

Da ta ga da gaske muke, sai ta gyara zama. Ta ce kada mu fara da kama hanci, mu fara da numfashi: a ja iska har ciki ya cika, a riƙe, a sake ta a hankali kamar ana hura wuta a murhu. Sannan a nemo muryar sama, irin wadda ake kiran yaro da ita idan ya yi nisa. Sai an same ta ta zauna, sannan a sa harshe ya kaɗa ta. Hanci na ƙarshe ne, shi ke ƙara mata tsini. Muka yi ta yi. Wata ta yi kamar an taka kyanwa, wata tari ya sarƙe ta, Goggo tana dariya har da hawaye tana cewa, "Ba da ƙarfi ba ne, ɗiyan nan, sakin jiki ne." Ita kanta ta yi mana sau ɗaya, gajera, ta ce haƙora sun tafi da rabin tata.

A kwana na huɗu ne ƙaramarmu, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, wadda ba ta cika magana ba, ta kama hanci ta saki wata guɗa da ta sa tantabarun gidan suka tashi. Daɗi ya kama ta, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Goggo ta ɗaga hannu ta ce ta tsaya haka nan, amma ina, ta riga ta yi uku.

Ba a fi minti biyar ba muka ji sallama a zaure. Wani yaro ne daga gida na uku da namu, yana haki.

"Wai in ji Hajiya, tana yi maku barka. Ta ce wa ta sauka, kuma yaushe ne suna?"